Ranar da Za a Kawo Karen Ƙaltume

SHAFI NA 23

Kun cika min waya da saƙo tun jiya, har wata ta ce in ban saki shafin nan ba za ta biyo ni gida da muciya. To ga shi. Amma mai hawan jini ta sha maganinta tukuna, don ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na kurɓi ruwa. Masu tambayata ko ya halatta a ajiye kare kuwa, ku kai wa malamanku, ni labari nake bayarwa.

Waɗanda suka shigo yau, ku matso. Muna Madina ne, unguwar Harra ta Gabas, shekarar 1981. Ƙaltume ta kurmance bayan wani zazzaɓi, sai ta kalli bakinka take gane abin da kake faɗa. Mijinta Malam Jumare yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki, sunan da yake kiranta da shi: "Tume". Watan jiya ya faɗo daga gado tana saman soro tana wanki, ya fi awa guda a ƙasa yana kiranta ba ta ji ba. Dangi suka zauna suka yanke: ko ta nemo dabara kafin wata ya ƙare, ko a ɗauke shi a mayar gidan yayarsa Hajiya Safiyyatu a Al-Sih.

Saura kwana biyu watan ya ƙare.

*

Tun da hantsi Ƙaltume ta gama komai, amma ta kasa zama.

Ta sake gyara akwatin lemon da ta shimfiɗa wa tsohon bargo a ƙarƙashin matakala. Ta ɗauki kwanon silban da ta shafa wa jan fenti a gindi, ta duba, ta mayar. Buhun ƙasar da ta tankaɗe yana jingine a gefen randa. A bakin ƙofar ɗakin Malam ta gicciya katako, tsayinsa ya kai gwiwa.

Ta leƙa ɗakin.

"Malam, yau ne fa!"

Da ƙarfi ta faɗa, don ba ta jin muryarta balle ta san iyakarta. Malam Jumare ya juyo da ido, gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Murmushinsa ke nan yanzu.

Ta sa masa farar hularsa, ta gyara masa matashi. Tana ɗagowa ta ga idonsa ya koma kan ƙofa, murmushin ya ɓace.

Ta waiwaya.

Hajiya Safiyyatu ce tsaye, baƙar abaya har ƙasa, zoben zinare a yatsu uku. Bayanta 'yarta Murja, riƙe da kular abinci, kanta a sunkuye.

"Lale, Yaya! Sannunku da zuwa! Ban ji sallama ba."

"Yaushe kika taɓa ji?" Hajiya ta ce, tana murmushi. "Rage murya, ba a kasuwa muke ba."

Ƙaltume ta ga bakin, ta gane, ta haɗiye. Ta shimfiɗa musu darduma ta kawo shayi.

Murja ta durƙusa gaban gadon. "Kef halak, ya Kawu?"

Hausa kam tana ji tsaf, amma a Madina aka haife ta, bakinta ya fi sabawa da Larabci.

Hajiya ba ta zauna ba. Ta zagaya tsakar gidan tana taɓa kaya da ɗan yatsan ƙafa.

"Wannan fa?"

"Wurin kwanansa ne, Yaya. A waje zai zauna, ba zai shiga ɗaki ba. Kin ga katakon."

"Wannan kwanon?"

"Nasa ne shi kaɗai. Na yi masa alama don kada ya haɗu da namu."

"Ƙasar fa? Gini za ki yi?"

"In ya lashi wani abin, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Haka Malam Balarabe ya ce, ɗalibin nan na jami'a, mutumin Zariya. Har gida ya zo ya ga halin da muke ciki. Ya ce malamai sun yi saɓani, amma tawa lalura ce."

"Masha Allah," in ji Hajiya. "Har da fatawa."

Ƙaltume ta ɗauka yabo ne. Wayyo baiwar Allah! Nan ta saki jiki ta shiga zuba, fuskarta kamar ta amarya.

"Ɗan ƙarami ne, Yaya, bai fi mage girma sosai ba. Uwarsa irin karnukan nan ce masu gashi, wani injiniyan hanya Baturke ya tafi ya bar ta a Khaibar. Ubansa karen gona ne. Ƙanena Rabo, wanda ke aikin dabino a can, shi ya raine shi. Sukkari yake ce masa, don kalarsa irin ta dabinon sukkari ce."

"Uhm."

"Na aika masa tsohon zanena. Sati huɗu yana koya wa karen. Ya rataya zanen, ya ɓuya, ya ce ‘Tume!’ Sai karen ya ruga ya ja bakin zanen. Yanzu ko barci yake, ya ji sunan nan, sai ya tashi ya ja. In Malam ya kira ni, ko ina saman soro, zan sani. Kin ga shi ke nan, ba sai an ɗauke min shi ba."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe.

Hajiya ta yi ɗan tari. Ta sake yi.

"Mura nake yi," ta ce, tana nuna hancinta. "Kada in shafa wa marar lafiya."

Sai ta jawo gefen mayafinta ta rufe hanci da baki.

Jama'a, ku lura da mayafin nan. Matar da ba ta da kunne sai ido, an rufe mata baki, me aka bar mata?

Daga bayan mayafin, idonta na kan Ƙaltume, idon har yana dariya, Hajiya ta ce:

"Jaka. Kurmar banza. Uwar kare."

Murja ta zabura. "Ummi!"

"Uskuti. Yi min shiru. Ji take yi?"

Ƙaltume ta dubi wannan ta dubi waccan. "Me Yaya ta ce?"

Hajiya ta sauke mayafin. "Na ce Allah ya saka miki. Kin yi ƙoƙari."

"Amin, Yaya. Na gode."

Mayafin ya koma.

"Shekara talatin ina kallonki a gidan ƙanena. Kin zo da ƙafa daga Damagaram, faso a dugaduganki kamar bakin kwalbati, ko takardar zama ba ki da ita. Muna da 'ya'yan manyan gidaje a Madina, ya tsallake su ya kwaso ki a bakin masallaci kina tallan gyaɗa. Ko ɗa ɗaya ba ki ajiye masa ba. Yanzu za ki cike mana da kare."

"Haram alaiki, ya Ummi," Murja ta ce ƙasa-ƙasa.

"Haram? Yayanki Abdussamad yana neman 'yar mutane. Kwana nan za su fara bincike. Su zo su ji an ce gidan kawunsa akwai kare a tsakar gida? Dama yaya muka ƙare da Larabawan nan masu ce mana ‘Takaruni, Takaruni’ balle an ƙara mana da haushi?"

A kan gado numfashin Malam Jumare ya fara sauri. Shi fa kunnensa garau yake. Komai yana shiga, ba abin da ke iya fita.

Hajiya ta juya ta zauna a bakin gadon, ta dafa hannunsa da ya mutu.

"Kana jina ai, Jumare. Kai ka san abin da ya faru ranar da ka faɗo."

Idonsa ya firfito.

"Wace rana?" Murja ta tambaya, wannan karon da Hausa, harshenta na karyewa.

"Ranar da ya yi awa guda a ƙasa. Kina tsammanin ba wanda ya zo? Ni na zo. Na tarar da shi kife, goshi a fashe, yana ‘Tume, Tume’ kamar ɗan akuya. Na tsaya a bakin ƙofar can. Ya ɗago ya gan ni."

"Sai kika ɗaga shi?"

"Sai na ja ƙofar na koma gida."

Kofin shayin hannun Murja ya faɗi ya tarwatse.

"Da na ɗaga shi, wa zai yarda ba ta iya riƙe shi ba? Sai da na bari maƙwabta suka gan shi da idonsu."

Innalillahi. Ni wallahi ban san irin zuciyar matar nan ba. Ƙaninta fa, ciki ɗaya, ita ta goye shi.

Ƙaltume ta taso da sauri da tsintsiya. "Ba komai, Murja, kofi ne kawai. Ba ki yanke ba dai?"

Ta tsuguna tana share gilasan a gaban ƙafar Hajiya. Hajiya ko janye ƙafar ba ta yi ba.

"Kalle ta," ta ce ta cikin mayafi. "A gabanta na faɗa, ga shi tana share min ƙasa."

Da Ƙaltume ta miƙe, Hajiya ta buɗe baki, fuskar nan fes.

"Yaushe za a kawo shi?"

"Bayan la'asar. Motar mai gonar ce za ta sauke dabino a kasuwa, Rabo yana ciki. Ba za su jira ba, kuma mai motar ya ce ba ya shiga lungunanmu. Ni zan je in karɓo. Na roƙi maƙwabciyata Innayatu ta zauna da Malam."

"Innayatu? Ina raye? Je ki ce mata ta huta. Ni zan zauna da ƙanena."

Ƙaltume ta tsaya tana kallon bakin, kamar ba ta yarda da abin da ta karanta ba.

"Ke, Yaya?"

"Ni."

Hawaye ya cika mata ido. Ta kama hannun Hajiya da hannu biyu.

"Na ɗauka ba kya so. Wallahi kwana nawa ina tsoron ranar da za ki ji. Ki yafe min zargin da na yi miki."

"Ba komai," in ji Hajiya. "Ai mun zama ɗaya."

Ta saki mayafin a kan bakinta, hannunta har yanzu cikin na Ƙaltume.

"Yau Alhamis. Ƙanenmu Abdulrauf yana zuwa gaishe da yayansa bayan la'asar, bai taɓa fashi ba. Zai zo ya tarar da shi a ƙasa, matar gida ta tafi ɗauko kare. Mu ma yanzu muka shigo muka gan shi haka. Kin ji ko, Murja? Yanzu muka shigo."

"La. Ba zan faɗa ba."

"Za ki faɗa. Ko kuwa in ɗaga miki nono a gaban Rauda, cikin masallacin Annabi, kowa ya shaida."

Murja ta sunkuyar da kai.

*

Aka kira la'asar. Ƙaltume ba ta ji ba, inuwar matakala ta duba, ta yi alwala ta yi salla. Ta leƙa ta katanga ta sallami Innayatu. Ta zura abayarta a kan zane, ta ɗauki igiyar da ta kitsa da tsummoki masu taushi don kada ta ci wa karen wuya.

Ta sunkuya kan mijinta.

"Malam, zan je in dawo. Yanzun nan."

Hannunsa na hagu, mai ran, ya cafke bakin abayarta.

"Tume."

Ta ga bakin. Wannan kalmar ko a duhu ta san ta.

"Na'am, Malam. Ga Yaya nan, ga Murja."

"Tume! Tume!"

Yana girgiza kai, yawu na bin gefen bakinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya kalli yayarsa, ya kalli matarsa, ya sake kallon yayarsa. Duk abin da yake da shi ya zuba a idon nan.

Ƙaltume ta ƙura masa ido. Shekara talatin ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba.

"Yaya, ko in fasa? Kin ga yadda yake yi."

Hajiya ta sauke mayafi.

"Ki fasa? Wa'adinki jibi ne fa. In motar nan ta koma Khaibar da karen, sai wani watan. Me za ki nuna wa dangi? Akwatin lemo?"

Ƙaltume ta juya ga Murja.

"Murja, 'yata, ke me kika gani?"

Fuskar Murja a buɗe take. Kalma biyu kawai za ta yi da leɓe, ko sauti ba sai ta fitar ba. Ta buɗe baki.

Uwar ta kafa mata ido, ta ɗora tafin hannu a kan ƙirjinta.

Murja ta rufe bakin. Ta kalli ƙasa.

"Shagwaɓa ce kawai," Hajiya ta ce. "Tun yana yaro haka yake."

Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsunsa daga abayar, ɗaya bayan ɗaya. Ƙaltume ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta gyara hular da ta karkace.

"Don kai nake yi, Malam. Daga yau ba za ka ƙara kirana in ƙi zuwa ba."

Ta fita.

Yana ta kiran sunan har ta ja ƙofar gida. Ko waiwaye ba ta yi ba, da me za ta ji?

Hajiya ta tuɓe zobbanta ta zuba a jaka.

"Kama ƙafafunsa."

"Wallahi ba zan taɓa shi ba!" in ji Murja.

"To matsa."

Ita kaɗai ta yi. Ta kama zanen gadon ta fizga. Ƙarar da jikin dattijon nan ya yi a kan siminti, ku yafe min, ba zan iya kwatanta muku ba.

Murja ta toshe kunnuwa ta juya wa bango fuska.

Hajiya ta naɗe dardumar da aka shimfiɗa musu, ta kwashe kofunan shayi ta kai madafa. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu, kamar wadda ta shigo yanzu.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Yaya Jumare?"

Muryar Abdulrauf ce. Sai Hajiya ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

*

A kasuwar dabino Rabo ya diro daga bayan motar, rungume da wani abu a cikin rigarsa.

"Yaya Tume! Ga mutuminki."

Ya faɗa a hankali, yana buɗe baki sosai yadda ya saba yi mata. Kafin ya rufe baki wani ɗan kai mai gashi ya fito daga rigar, ya sulluɓo ƙasa, ya cafki bakin zanenta da ya leƙo ta ƙasan abaya ya ja.

Ƙaltume ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ka gani! Rabo, ka gani!"

"Ai na faɗa miki. Ya san ƙanshinki tun a zanen. Amma ki riƙe wannan: ba ya ja don wasa. In ya ja, to an kira sunan ne. Ki bar duk abin da kike yi ki duba."

Mai motar ya yi masa alama da hannu. Rabo ya haye, suka tafi.

Ta ɗaura masa igiyar. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ƙafafu gajeru, jela kamar tsintsiyar laushi. Tana tafe yana biye, mutane suna kaucewa, wani dattijo har ya tattare jallabiyarsa ya tofar da yawu. Ko a jikinta. Rabon da ta ji sanyi a ranta irin na yau tun kafin zazzaɓin nan.

Tana tafe tana yi masa hira.

"Za ka ga Malam. Ba ya faɗa, ba ya duka. Ɗaki ne dai ba za ka shiga ba, ka ji? Na ajiye maka ƙashin rago."

Sun iso bakin lungunsu, daidai shagon mai burodi, sai karen ya tsaya cak.

Kunnen da ke kwance ya miƙe.

Ya juyo ya cafki zanenta.

"Kai, Sukkari, saki mana. Mun kusa."

Ya ƙara ja. Ya turje da ƙafafu huɗu, yana janta baya, wajen babban titi.

"Saki na ce! Wa zai kira ni a nan?"

Sai maganar Rabo ta faɗo mata.

Ta waiwaya.

Farar motar Abdulrauf ce ta fito ta ɗaya lungun, tana jiran wata babbar mota ta wuce ta hau titi. Gilashin baya a sauke yake rabi.

Ta ga farar hular da ta sa masa da hannunta. Ta ga jini a gefen hular. Ta ga bakin nan da ya karkace yana buɗewa yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, kalma ɗaya tak.

"MALAM!"

Ta saki igiyar ta kwasa da gudu. Takalmi ɗaya ya fita. Abdulrauf ya hango ta ta madubi, ya ga karen da ke binta, ya ɗaure fuska ya kau da kai. A kujerar gaba Murja ta kife fuska a cinya.

Saura taku kaɗan ta taɓa motar, wata fuska ta matso kusa da ta Malam.

Hajiya Safiyyatu ta sa yatsa ta sauke mayafinta har ƙasan haɓa. Ta buɗe baki sosai, a hankali, harafi bayan harafi, don kada ko ɗaya ya wuce Ƙaltume:

"Ki kwana da karenki."

Ta murɗa gilashin ya rufe.

Motar ta hau titi.

Ƙaltume ta zube a kan gwiwoyinta a tsakiyar hanya. Ɗan karen ya iso, ya kama bakin zanenta, yana ja, yana ja, bai saki ba.

Har yanzu yana jin kiran.